Ƙanena na fama da ciwon gwiwa: Baba ya ce ɗori, likita ya ce a ɗebi nama a auna

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Kano, shekarata 27, ni ce babba a ɗakinmu. Ƙanena ɗan shekara 16 yana buga ƙwallo a wata akadami ta unguwarmu, kuma kowa yana yabon ƙafarsa. Wata huɗu da suka wuce aka buge shi a gwiwar dama wajen atisaye, muka ɗauka targaɗe ne. Mai kemis ya ba shi diklofenak, maganin kashe zafi, daga baya na gano abokansa suna ba shi tiramol idan za a buga wasa. Ciwon bai tafi ba, sai ma ƙaruwa. Yanzu saman gwiwar ya kumbura, yana ɗingishi, ya rame, cikin dare kuma ina jiyo nishinsa daga ɗakina.

Baba ya kai shi wajen mai ɗori sau uku, ana murzawa da man kaɗanya ana ɗaurewa. Da na ga babu sauƙi sai na kai shi asibiti da sanin Umma, ba da sanin Baba ba. Aka ɗauki hoto, likitan ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yaron ya fita ya ce min akwai ƙari a ƙashin cinya, yana tsoron ko daji ne, mu tafi asibitin ƙashi a yi hoton MRI a ɗebi nama a auna, kada mu ƙara mako. Da Baba ya ji ya yi fushi, ya ce a can yanke ƙafa kawai suka sani, kuma in ƙarfe ya taɓa daji bazuwa yake yi. Kawunmu ya ce jifa ne, saboda yaron ya fara suna. Kocinsu kuma ya ce akwai gwajin 'yan wasa wata mai zuwa, a yi masa allura ya daure. Umma kuka kawai take yi. Shi yaron ba a gaya masa komai ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne, ni na saya masa garin furotin da albashina, roba biyu, ɗaya ma babu rubutu a jikinta, don kocin ya ce zai sa ya yi ƙarfi. Shin ni na jawo masa? In saɓa wa Baba ko in yi shiru? Mu gaya wa yaron ko mu ɓoye?

'Yar'uwarku daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yaron nan lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri, don kai shi asibitin da kika yi shi ne abu mafi amfani da aka yi masa a cikin wata huɗun nan. Zan fara da abin da ba ya jira. Likitan da ya ce kada ku ƙara mako yana da gaskiya, a cikin makon nan ya kamata ƙanenki ya zauna gaban likitan ƙashi. Babu mai iya yanke cewa daji ne daga wasiƙa, ko ma daga hoto kaɗai. Amma alamomin da kika lissafa irin waɗanda ba a kwana da su ne, kuma ina so ki san dalili, don ki iya yi wa Baba bayani da bakinki.

Targaɗe ko bugun ƙwallo kullum sauƙi yake yi, yau ya fi jiya, cikin 'yan makonni yaro ya manta. Akwai kuma wani ciwon gwiwa da ya zama ruwan dare ga yara maza 'yan ƙwallo masu shekara 12 zuwa 15, likitoci na kiransa Osgood-Schlatter. Shi ɗan tudun nan da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a saman ƙwauri, shi ke zafi in an yi gudu ko an durƙusa, in an huta ya lafa, kuma yana wucewa da kansa in yaro ya gama tsawo. Na ƙanenki bai yi kama da ko ɗaya ba. Kumburin a sama da gwiwa yake, wata huɗu yana ƙaruwa, ga rama. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne nishin nan da kike jiyowa cikin dare. Ciwon tsoka da na jijiya yana kwanciya in mai shi ya kwanta. Wanda ke tada yaro daga barci alhali ƙafar tana ajiye a kan katifa, sau da yawa daga cikin ƙashin kansa yake tasowa. Gobe da safe ki sa ya yaye wandonsa a tsakar gida, ki kalli cinyoyin biyu tare. Ki lura ko fatar wurin tana sheƙi, ko jijiyoyi sun fito raɗau a kanta, ki ɗora bayan hannunki a hankali ki ji ko ta fi ɗayar ɗumi. Kada ki danna. Abin da kika gani ki gaya wa likita.

Abubuwan da ke iya kawo irin wannan suna da dama. Akwai ƙwayar cuta da ke shiga ɓargo ta tara ruwa, wadda ta fi yawa ga masu sikila kuma takan zo da zazzaɓi. Akwai tarin fuka na ƙashi. Akwai ƙari marar bazuwa, wanda in an cire shi shi ke nan. Sannan akwai dajin ƙashi, wanda mafi yawansa a wannan shekarun shi ne ostiyosakoma. Ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20, daidai lokacin da yaro ke miƙewa, kuma wurin da ya fi zauna shi ne ƙarshen ƙashin cinya da farkon ƙashin ƙwauri, don nan ne ƙashi ya fi saurin tsawo. Kowanne daga cikin waɗannan maganinsa daban, wani ƙwayoyi ne na wasu watanni, wani tiyata ce ƙarama, wani kuma doguwar jinya. A hoto suna iya yin kama da juna. Abin da ke raba gardama shi ne ɗan naman nan da za a ɗiba a duba a ƙarƙashin madubin awo.

Yanzu ga tambayar da ke hana ki barci. A'a, ba ke kika jawo masa ba. Garin furotin ba ya haifar da dajin ƙashi. Bugun da aka yi masa a fili ma ba shi ba ne, abin da yakan faru shi ne ƙarin yana nan tun farko, bugun ne ya sa aka waiwayi wurin. Terry Fox, matashin nan ɗan Kanada da aka gano yana da irin wannan daji a gwiwar dama a 1977, shi ma ya ɗauka haɗarin mota da ya yi watanni kaɗan kafin nan ne sanadi, likitocinsa suka ce babu alaƙa. Mafi yawan yaran da ke kamuwa ba a samun wani abu da su ko iyayensu suka yi ko suka bari. Kin cire daga albashin malamar firamare kin saya wa ƙanenki abin da aka ce miki zai amfane shi. Ki sauke wannan dutsen daga ƙirjinki, za ki buƙaci ƙarfinki a wani wurin.

Duk da haka a daina ba shi garin daga yau, kuma kada ki zubar da robobin. Ki sa su a leda tare da kwalin diklofenak da duk wani abin da ya sha, har na gargajiya, ki tafi da su asibiti. Robar da babu rubutu babu lambar NAFDAC, babu wanda ya san abin da ke cikinta, kuma an sha samun irin waɗannan garin an gauraya su da sinadaran ƙara tsoka masu taɓa hanta. Shi kuma diklofenak, wata huɗu ana sha yana iya cin ciki ya jawo olsa, yana iya gajiyar da ƙoda. Wannan ya shafi abin da ke gaba, don idan aka zo ga maganin daji, biyu daga cikin manyan magungunan, sisfilatin da metotireksat, ta ƙoda suke fita, dole likita ya san halin da ƙodar take ciki kafin ya fara. Tiramol kuwa, ki tambayi yaron a keɓe, ba da faɗa ba, guda nawa yake sha kuma tun yaushe. In kullum ne na tsawon makonni, kada ya yanke farat ɗaya, likita zai tsara masa yadda zai sauka, ya kuma ba shi maganin zafin da ya dace. Babbar ɓarnar waɗannan ƙwayoyi a nan ita ce sun rufe bakin ciwon, ya ci gaba da gudu a kan ƙafar da take neman a duba ta.

Mu dawo kan Baba, don shi ne ƙofar da dole ki bi. Ina so ki fara da yarda cewa tsoronsa ba daga sama ya faɗo ba. Wataƙila ya san wani da aka kai asibitin ƙashi da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne watannin da suka gabaci ranar. A aikina na sha ganin yaro an kawo shi bayan an kwance ɗori, karare sun bar layi a fata, yatsu sun yi sanyi sun yi baƙi, ko kuma ƙari ya kai girman tulu ya fashe yana wari, sai mahaifin ya riƙe hannun likita ya ce a taimaka kada a yanke. A ranar babu sauran zaɓi, an bar zaɓin a baya, wata shida ko takwas da suka wuce. Unguwa kuma abin da za ta gani shi ne an je asibiti an yanke. Maganar ƙarfe ma haka take. Mutane suna zuwa a makare, a ɗebi nama, bayan 'yan makonni cutar da tuni ta bazu ta bayyana, sai a ɗora wa allurar laifi. Awon da ƙwararre ya yi ba ya baza daji, yawanci ma da wata allura mai ɗan kauri ake yi, a ɗebi abin da bai kai tsinken ashana ba.

Shi mai ɗorin ba sai an zage shi ba, kuma kada ki zage shi a gaban Baba. Sana'arsa karaya da gocewar ƙashi, nan kuma babu abin da ya karye da za a ɗora. Ƙashin da ƙari ya ci kamar azarar da gara ta shiga ne, daga waje lafiya, ciki kuwa ya zama gari. Murza mai ƙarfi ko ja na iya karya shi, in kuwa ya karye a kan ƙari, ceto ƙafar yana ƙara wuya. Likitoci a Taiwan, inda su ma ake yawan kai yara wajen masu tausa, sun bi diddigin masu wannan daji suka ga waɗanda aka murza wa ƙarin kafin zuwa asibiti sun fi samun bazuwarsa zuwa huhu. Don haka ko da za a ɗauki kwana biyu ana lallashin Baba, murza da ɗauri su tsaya yau. Wannan Umma za ta iya roƙa.

Ga yadda nake ganin za ki tunkare shi. Ki same shi shi kaɗai bayan sallar isha, ki durƙusa ki ba shi haƙuri a kan kai yaron asibiti ba da saninsa ba. Na san za ki ce ai gaskiya kika yi, kuma gaskiyar kika yi, amma rabin fushin Baba na ganin an tsallake shi ne a kan ɗansa, durƙusa wa wada kuwa ba gajiyawa ba ne. Bayan nan kada ki roƙe shi ya yarda da tiyata ko da maganin daji, ba a zo nan ba tukuna. Abu ɗaya za ki roƙa: Baba, a je a duba a san mene ne, kuma kai za ka kai shi. Ki tabbatar masa babu likitan da zai yi wa yaro ɗan shekara 16 tiyata ba tare da iyaye sun sa hannu a takarda ba, kuma gaskiya ne. In ya shiga ofishin da kansa, aka ɗora hoton a kan fitila aka nuna masa ƙashin lafiya da wurin da ya canza, ya yi tambayoyinsa aka ba shi amsa a matsayinsa na uba, yawancin iyaye a nan suke saukowa.

In kin san maganarki ba za ta shiga ba, kada ki yi ta maimaitawa har ta zama gardama. Ki nemi wanda Baba ke jin nauyi, yayansa, ko amininsa, ko limamin masallacinku, ko wani ma'aikacin lafiya dattijo a unguwa. Ki kai wa mutumin takardar likita ya gani da idonsa kafin ya je. Amma ki sa wa abin iyaka a ranki, kwana uku ko huɗu. In sun wuce Baba bai sauko ba, ke da Umma da wani babba daga dangi ku sanar da shi cikin ladabi cewa za ku kai yaron a yi hoto a ga likita, ku tafi. Wannan ba raini ba ne, kuma na fi so ki sha fushin mako guda da ki zauna da da-na-sani. A asibitocin koyarwa akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, ma'aikatansa sun saba shiga tsakani a irin wannan, suna iya kiran uba su zauna da shi.

Kawu kuma ba sai kin yi musu da shi a kan jifa ba. Ki ce masa ya ci gaba da addu'a, a yi tofi, a yi sadaka, duk muna so, babu wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin addu'a da asibiti. Abin da za ki tsaya a kai kawai shi ne kada a kawo wanzami ya yi ƙaho ko tsaga ko sakiya a wurin, kada kuma a ba shi jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Ki ba shi aiki ma, shi ya nemo motar da za ta kai ku.

Kuna Kano, wannan sa'a ce. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga na Shika a Zariya da ke da sashen masu cutar daji. Ku tafi da takardar turawa da hoton farko, ku isa da sassafe, kuma ki faɗa wa mai yankar kati cewa likita ya rubuta ana zargin ƙari a ƙashi, don kada a ba ku rana mai nisa. Za a yi MRI na cinyar gaba ɗaya, a yi awon jini, a ɗauki hoton ƙirji, don huhu ne wurin da wannan daji ya fi fara zuwa. Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe da kyau: kada ku yarda a ɗebi naman a wani ƙaramin asibiti don sauri ko don sauƙin kuɗi. Hanyar da allurar ta bi, ranar babbar tiyata sai an yanke ta an cire tare da ƙarin, saboda haka likitan da zai yi tiyatar shi ya kamata ya zaɓi inda za a huda. Huda a wurin da bai dace ba tana iya sa a rasa ƙafar da da za a ceta. Sakamakon yakan ɗauki mako biyu ko fiye, don sai an tausasa ƙashin kafin a yanka shi a duba. Ki karɓi lambar awon, ki riƙa bibiya da ƙafarki. Kafin nan a samo masa sandunan dogarawa, kada ya ɗora nauyi a ƙafar, babu ƙwallo, babu keke, babu hawa babur yana lilo da ita. In ya ji zafi mai tsanani farat ɗaya ya kasa ɗaga ƙafar, ko zazzaɓi mai ƙarfi, ko numfashi ya yi masa wuya, ku tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

In sakamako ya fito ba daji ba ne, alhamdu lillahi, kun huta kun kuma san maganin da za a yi. In ya fito ostiyosakoma ne, zan gaya miki gaskiya yadda take. Ana warkewa. Kafin shekarun 1970, lokacin da yankewa kaɗai ake yi, waɗanda ke rayuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. Da aka haɗa tiyata da allurar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, a wuraren da ake samun cikakken magani 6 zuwa 7 cikin 10 suna wuce shekara biyar idan cutar ba ta bazu ba. In ta riga ta kai huhu, adadin yana sauka zuwa 2 ko 3 cikin 10. Tsakanin waɗannan lissafi biyu ne makonnin da muke magana a kai suke. Tsarin da aka saba shi ne kemo na kusan mako goma, sai tiyata, sai a ci gaba da kemo, gaba ɗaya wata bakwai ko fiye. Gashi zai zube, zai yi amai, zai galabaita, gashin kuma zai dawo. A tiyatar, in ƙarin bai naɗe manyan hanyoyin jini da jijiyoyi ba, ana iya cire ɓangaren ƙashin a sa ƙarfe a madadinsa a bar ƙafar. Ba zan yi miki alƙawarin haka za a yi ba, wani lokaci yankewa ce hanyar da ta fi tsare rai, kuma in likitoci suka ce haka ku tambayi dalili, ku nemi ra'ayin likita na biyu in kuna so, amma kada ku gudu da yaron. Abin da ya fi cutar da yaranmu shi ne a fara kemo, kumburi ya ragu, a ce ya warke a koma gida. Akwai kuma batun haihuwa nan gaba, don kemo na iya taɓa ta, wannan Baba ko likita namiji ya tattauna da shi kafin a fara.

Kuɗi zai yi nauyi, ba na albashi ɗaya ba ne. Tun ranar farko ki roƙi likita ya rubuta muku ƙiyasin kowane mataki, ki kai ofishin jin daɗin marasa lafiya, ki duba ko inshorar lafiyarki ta aiki ko ta Baba tana ɗaukar wani ɓangare. A yi zaman dangi a sa mutum ɗaya mai amana ya riƙe asusun da littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutane sun fi sakin hannu in sun ga takardar asibiti da lissafi a rubuce.

Shi yaron, ku gaya masa. Ɗan shekara 16 da likita ya ce ya fita waje, ya dawo gida ya ga Umma tana share hawaye da gefen mayafi, ya riga ya san akwai magana, kuma abin da yake saƙawa shi kaɗai cikin dare ya fi gaskiyar muni. Ba sai kin ambaci yankewa ko lissafin da na ba ki ba. Ki zauna kusa da shi ki ce, an ga wani abu a ƙashinka da ba bugu ba ne, za a auna a san ko mene ne, yana iya zama mai sauƙi yana iya zama mai wuya, duk abin da aka gano za mu gaya maka. In ya tambaye ki ko daji ne, ki ce yana cikin abubuwan da ake dubawa. Zai tambayi ƙwallo kafin ya tambayi komai, ki bar shi ya yi kukansa, kada ki ce masa ai ƙwallo ba komai ba ce, a wurinsa komai ce. Gwajin wata mai zuwa dai ya wuce shi. Nan gaba, in ta kama, zai ji cewa Nijeriya tana da ƙungiyar ƙwallo ta masu ƙafa ɗaya, Special Eagles, da ta buga gasar duniya a Meziko a 2018. Amma wannan ba maganar makon nan ba ce.

Kocin ina kyautata masa zato, yana ganin dama ce za ta wuce yaron da ya sha wahala a kansa. Amma shawararsa haɗari ce, allurar kashe zafi a kan ƙashin da ake zargin ƙari na iya ƙarewa da karaya a tsakiyar fili. Wani namiji daga gidanku ya same shi ya gaya masa likita ya hana wasa, ya kuma sanar da shi cewa tiramol yana yawo a tsakanin yaransa. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa, yaron da ke mafarkin buga wasa a waje yana iya rasa komai a kansa. In mutumin kirki ne, shi da abokan wasan za su zama masu zuwa dubiya, kuma yaron zai buƙace su.

Batun abinci, tunda daga nan damuwarki ta fara. Ɗan wasa yana buƙatar furotin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato yaro mai kilo 55 yana neman tsakanin giram 66 da 110. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin dafaffen wake kusan 13, kofin madara kusan 8, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kifi, ga alala da ƙosai. Tukunyar Umma ta isa ta cika wannan lissafi ba tare da roba ko ɗaya ba. Yanzu da ya rame, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, kunun gyaɗa da madara da safe, ƙwai biyu, wake da shinkafa ko dambu da zogale, abin da ransa ke so. Kada a hana shi nama ko sukari don wani ya ce suna ciyar da daji, jikin da zai ɗauki magani mai ƙarfi yana buƙatar tsoka. In an fara kemo, garkuwar jiki takan yi ƙasa, a lokacin sai a kiyaye nonon da ba a tafasa ba, da tsiren bakin titi, da ganyen da ba a dafa ba. Wannan aikin ki damƙa wa Umma, uwa in ta samu abin da hannunta zai yi wa ɗanta, kukan yana raguwa.

Ke kuma ki gaya wa shugaban makarantarku halin da ake ciki tun yanzu, don za ki nemi izini ba sau ɗaya ba. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranaku da sunayen magunguna da abin da kowane likita ya ce, ki ɗauki hoton kowace takarda a wayarki. Yau da dare ki haɗa ledar magungunan, ki kira wanda zai raka ki wajen Baba in ta kama. Idan sakamakon ya fito ki sake rubuto min, mu duba shi tare. Allah Ya sa mu ji alheri, Ya tashi kafaɗunsa.